An Ɗauke Masa Alƙalami, Mu Ba A Ɗauke Mana Ba

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda Ya ba bawa hankali don ya san Shi, Yake kuma karɓe shi lokacin da Ya so, ba tare da bawan ya fita daga rahamarSa ba. Tsira da aminci su tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu, gatan marasa gata, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya ƴan'uwa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malami ya ji hadisin mutum uku da aka ɗauke wa alƙalami: mai barci har ya farka, yaro har ya balaga, da wanda hankalinsa ya gushe har ya dawo. Abu Dawuda da wasunsa sun ruwaito shi. Galibi muna karanta shi a babin salla da azumi, mu ce wane ba a binsa salla, mu wuce. Amma mutumin nan da aka ɗauke wa alƙalami yana da gona. Yana da rabo a gadon mahaifinsa. Wataƙila yana da mata da ƴaƴa. Yana da jiki da za a iya yi wa aiki a asibiti, da ƙafa da za a iya sa wa mari. Ranar da za a yanke shawara a kan ɗaya daga cikin waɗannan, a gaban alƙali ne, ko a zauren mai gari, ko a tsakar gida, shi ba zai iya kare kansa ba. To wa zai tsaya masa? Kuma wanda ya tsaya masa, me zai faɗa: abin da yake ganin ya fi masa alheri, ko abin da shi mai lalurar yake so?

Kada mu ɗauka maganar ta tsaya ga mai yawo a bakin kasuwa da tsumma. Ta haɗa da tsohuwar da ruɗewar tsufa ta sa ba ta gane jikokinta, da magidancin da shanyewar ɓarin jiki ta ɗaure wa harshe, da saurayin da ya faɗi a kan babur ya bugu a ka, da yarinyar da aka haifa da raunin fahimta. Kowane ɗayanmu, faɗuwa ɗaya ce tsakaninsa da wannan sahu.

Abin da ya faɗi da abin da ya rage

Malaman fikihu sun bambanta abu biyu. Akwai takalifi, wato nauyin umarni da hani, shi kam yana tafiya tare da hankali. Akwai kuma zimma, wato kasancewar mutum mai haƙƙi da ake binsa kuma yake bi, ita kuwa tana nan muddin rai yana nan. Shi ya sa wanda hankalinsa ya gushe yake cin gado cikakke, ba a rage masa ko dala. A mazhabar Imamu Malik ana fitar da zakka daga dukiyarsa, ana ciyar da iyalinsa daga cikinta, in ya ɓata kayan wani a biya daga cikinta. Cinikinsa ba ya ƙulluwa, sakinsa ba ya aukuwa, amma mallakarsa tana nan daram. Dukiyar tasa ce. Hannun da ke juya ta kawai aka sauya.

Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, ba ta manta da shi ba. Ta yi umarni cewa in wanda ake bi bashin mai wauta ne, ko mai rauni, ko ba ya iya shibta da kansa, waliyyinsa ya yi shibtar a madadinsa, aka kuma ɗaure waliyyin da sharaɗin adalci. Aya ta 5 a Suratun Nisa'i ta hana a danƙa wa masu wauta dukiya su salwantar, amma nan take ta ɗora abu uku a wuyan mai riƙon: ya ciyar da su, ya tufatar da su, ya yi musu magana mai kyau. Na ukun nan shi ne aka fi mantawa. Allah bai bar waliyyi ya zama ma'aji kurum ba. Ya sa shi ya riƙa magana da wanda yake riƙo. Ba a umartar ka da ka yi wa mutum magana sai in har yanzu shi mutum ne da ake magana da shi.

Akwai kuma abin da ya faru a zamanin Sayyidina Umar, Allah Ya ƙara masa yarda, kamar yadda ya zo a Sunan na Abu Dawuda. An kawo wata mace mai taɓin hankali da laifin zina, aka yanke a tsayar mata da haddi. Ana tafiya da ita sai Sayyidina Aliyu ya gamu da su, ya tambayi labarinta, ya sa aka mayar da ita, ya je ya tunatar da Sarkin Muminai hadisin alƙalami. Umar ya sake ta. Ku dubi wannan da kyau. Alƙalin Umar ne, wanda adalcinsa ya zama abin buga misali. Hukuncin yana nan, sahabbai sun san shi. Duk da haka matar ta kusa halaka, don a zaman farko babu wanda aikinsa shi ne ya kalli al'amarin ta ɓangarenta. Alƙali adali bai wadatar ba in babu mai tsaya wa raunanan.

Shirun da ba yarda ba

Mutanen Ingila sun koyi wannan darasi ta hanya mai ɗaci, kuma labarinsu ya cancanci mu sani. Akwai wani mutum da takardun shari'a suka sakaya sunansa da haruffan H.L., mai lalurar da likitoci ke kira otizim, ba ya magana. Ya yi fiye da shekara 30 a wani asibiti mai suna Bonwud, kusa da Landan. A 1994 aka sallame shi ya koma gidan wasu mata da miji da suka ɗauki nauyin kula da shi, ya zauna lafiya da su. A watan Yuli na 1997 hankalinsa ya tashi a cibiyar da yake yini, aka ba shi maganin kwantar da jiki, aka mayar da shi asibitin. Da yake bai yi gardama ba, bai nufi ƙofa ba, sai aka rubuta shi a matsayin wanda ya kwanta ba bisa tilas ba. Wannan ya hana shi duk kariyar da doka ta tanadar wa wanda aka tsare da ƙarfi: babu wa'adi, babu zaman sake duba lamarinsa. Masu riƙonsa ma an hana su ganinsa har kimanin wata uku.

Mutanen nan biyu ba su haƙura ba, suka nemi lauyoyi. A watan Disamba na wannan shekara aka mayar musu da shi, amma shari'ar ta ci gaba. A 1998 kotun ƙoli ta ƙasar a wancan lokaci ta ba asibitin gaskiya, ko da yake ɗaya daga cikin alƙalan ya ce batun wai mutumin yana da ƴancin tafiya tatsuniya ce. Sai a watan Oktoba na 2004 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam ta yanke cewa tsare shi aka yi, kuma ba bisa ƙa'ida ba.

Babu wanda ya ce likitocin nan mugaye ne. Sun yi abin da suke gani alheri ne. Kuskurensu shi ne sun ɗauki shirun wanda ba ya iya magana a matsayin amincewa. Mu ma muna cewa shiru ma amsa ce, amma wannan ga wanda zai iya cewa a'a ne ya zaɓi ya yi shiru. Malaman usulu suna da ƙa'ida cewa ba a jingina magana ga wanda bai furta ba. Sau nawa aka sayar da gonar wani a gabansa, yana zaune yana wasa da ƙasa, aka ce ai yana wurin, bai ce komai ba?

Dalilin buƙatar gwani

A 2005 majalisar Birtaniya ta yi dokar da ke tsara al'amuran waɗanda ba sa iya yanke wa kansu shawara a Ingila da Wels, ta fara aiki a 2007, daga baya a 2009 aka ƙara mata matakan kariya ga irin su H.L. Dokar ta tsaya a kan tushe biyar. Ana ɗaukar kowane baligi mai iyawa ne sai an tabbatar da akasin haka. Ba a cewa ya kasa sai an yi duk ƙoƙarin da zai yiwu na taimaka masa ya fahimta. Yanke shawara marar hikima ba hujja ba ce ta rashin iyawa. Duk abin da za a yi a madadinsa dole ya zama don maslaharsa. Kuma a zaɓi hanyar da ta fi ƙarancin tauye masa ƴanci. Sannan ba a yi wa mutum hukunci dunƙule: ana duba shawara ɗaya ɗaya, a lokacinta. Mutum yana iya kasa sarrafa miliyoyi, amma ya san sarai gidan da yake so ya kwana da wanda yake so ya ziyarce shi.

Sun kafa kotu ta musamman, Kotun Kariya, wadda ke naɗa masu riƙo tana kuma yanke manyan shawarwari na magani da mazauni da dukiya. Akwai ofishin da ke bin diddigin masu riƙon yana karɓar lissafinsu kowace shekara. In mai lalura ba shi da wanda ya dace ya tsaya masa a shari'a, akwai lauyan hukuma da aikinsa ke nan. Ƙungiyar lauyoyinsu ma tana ba da shaidar ƙwarewa ta daban a wannan fanni.

Me ya sa sai gwani? Saboda lauya, wanda a nan muke cewa aboka, ya saba mai ƙara ya gaya masa abin da yake so, in bai yi daidai ba ya sallame shi ya ɗauki wani. Wannan kuwa ba zai ba shi umarni ba, ba zai gane in ya yi sakaci ba, ba zai kai ƙararsa ko'ina ba. Aikin yana buƙatar wanda ya san doka, ya san yadda ake karanta rahoton likita a kuma ƙalubalance shi, ya iya zama awa biyu da wanda ke amsawa da ido ko da motsin hannu, ya kuma iya tsayawa gaban dangi da asibiti da hukuma a rana ɗaya ya ce a'a. Wakilci ne da babu mai sa ido a kansa daga ɓangaren wanda ake wakilta. A wurinmu wannan shi ne ainihin wurin muraƙaba: aiki a inda ba mai ganinka sai Allah.

Malamanmu ba su bar wannan ƙofa a buɗe ba. Babin hajru a Muktasar na Shehu Halilu ya fara ne da wanda hankalinsa ya gushe, ya kuma sa iyakar hana shi tasarrufi ita ce farfaɗowarsa. Ranar da ya warke, riƙo ya ƙare. Ya jera masu walicci a kan dukiya: uba, sai wasiyyin uba, sai alƙali. Wa da kawu da baffa ba sa zama waliyyan dukiya don kusancin jini kawai. Wanda alƙali ya naɗa kuwa, littattafan Malikiyya suna kiransa muƙaddami, kalmar da mu mutanen zawiya muka sani a wani muhallin. Ma'anar ɗaya ce, wanda aka gabatar bisa amana, ba don ya fi kowa ba. Da Halilu ya zo kan alƙali zai sayar da kadarar maraya, sai ya jero sharuɗɗa: a tabbatar kadarar tasa ce, a tabbatar ita ta fi cancanta a sayar, a tallata ta, a ga babu mai ƙari, kuma farashin ya zama daidai. In alƙali ma an ɗaure shi haka, ina ga babban wa da ya sayar da filin ƙanensa marar lafiya a cikin dare ɗaya?

Maslaha ko abin da yake so?

Yanzu mun iso ga mai wuyar. Ga wakili na gari, masani, mai tsoron Allah. Ya ga alherin mutumin yana gabas, shi kuwa mutumin yana nuna yamma. Ya zai yi?

A Madina akwai wani sahabi da ake yawan cuta a ciniki. Masu sharhi sun ce Habbanu ɗan Munƙizu ne ko mahaifinsa, kuma rauni ne da ya samu a ka ya taɓa fahimtarsa. A ruwayar Anas, iyalinsa sun zo suka roƙi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana shi ciniki. Annabi ya kira shi ya hana shi. Mutumin ya ce shi fa ba zai iya haƙura da kasuwa ba. Sai Annabi ya bar shi a kasuwarsa, ya koya masa kalmar da zai riƙa faɗa a kowane ciniki, mai nufin ban da yaudara. Wata ruwayar ta ƙara cewa an ba shi zaɓin kwana uku na mayar da kaya. Iyalin suna da gaskiya, ana cutarsa. Amma Annabi ya ji abin da kasuwa take a rayuwar mutumin, sai ya gina masa katanga a inda yake so ya tsaya. Imamu Abu Hanifa ma, don gudun zubar da mutuncin baligi, bai yarda a yi wa mai wauta hajru ba, ko da yake manyan almajiransa biyu da sauran mazhabobi sun saɓa masa.

A 2015 Kotun Kariya ta fuskanci irin wannan a mataki mafi tsanani. Wani dattijo ɗan shekara 73, mai daɗaɗɗen taɓin hankali da ciwon sukari, ƙafarsa ta ruɓe. Likitoci suka ce in ba a yanke ba zai mutu cikin kwanaki, in an yanke zai iya ƙara ƴan shekaru. Ya ƙi. An tabbatar ba shi da ikon yanke wannan shawara, lauyan hukuma ne ya tsaya masa. Alƙalin, Pita Jakson, ya tashi ya je asibitin da kansa ya zauna da shi ya saurare shi. Daga ƙarshe ya ƙi yarda a yi aikin da ƙarfi, yana mai cewa burin marar lafiya da abin da ya yi imani da shi suna da nauyi a wurinsa kamar yadda na kowa suke a wurin mai su, wataƙila ma fiye.

Musulmi yana iya tsayawa a nan ya yi tambaya, kuma tambayarsa tana da ƙarfi. Kiyaye rai yana cikin manyan manufofin shari'a, kuma malamai da yawa za su ga wajabcin aikin in an tabbatar shi ne tsira. Ba dole ba ne mu bi alƙalin nan har ƙarshen hukuncinsa. Abin da bai kamata ya wuce mu ba shi ne tafiyar da ya yi. Imamu Muslim ya ruwaito daga Anas cewa wata mace mai matsala a hankalinta ta ce wa Annabi tana da buƙata gare shi. Ya kira ta da alkunyarta, ya ce ta zaɓi duk lungun da take so, ya je ya tsaya da ita har ta gama. Shugaban halitta bai aika wakili ya ji masa ba.

To amsar tambayarmu ita ce: abin da mutum yake so yana cikin maslaharsa, ba kishiyarta ba ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ko da ba ya iya lissafin kuɗin gyara. Wakili yana iya saɓa wa son wanda yake wakilta in cutarwar babba ce kuma tabbatacciya, amma bayan ya ji shi, gwargwadon larura, kuma ya kai maganar mutumin gaban mai hukunci yadda take, ko da shi bai yarda da ita ba. Wanda bai zauna ya saurara ba, maslahar kansa yake kira maslahar marar lafiya, ko da bai sani ba.

Mu da namu

A Nijar al'amuran gado da iyali galibi bisa al'ada ake yanke su, sarakuna suna sulhu, kotuna kuma suna zama da masu ba da shawara kan al'ada, da yawansu malamai. Ƙasar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa a 2008, wadda sashenta na 12 ya tabbatar da daidaiton matsayinsu a gaban doka. A 2011 aka kafa hukumar taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, domin marasa hali da masu rauni. Amma yawancin lauyoyi a Yamai suke, kuma mafi yawan shawarwarin da ke kashe ko raya mai lalura ba sa kaiwa kotu. A zaure ake gama su, a gaban liman da mai unguwa. Wato a gabanmu.

Akwai kuma wani abu da ya shafe mu mu kaɗai. Muna girmama majzubai, muna kyautata zato cewa Allah Yana ɓoye bayinSa a cikin rigar da mutane ke raina. Wannan zato mai kyau ne. Amma abin kunya ne a nemi albarkar mutum da safe, a raba gonarsa da yamma. In waliyyi ne, wa ya isa ya ci haƙƙin waliyyi? In marar lafiya ne, yana da haƙƙin magani da sutura. Ko ta wace fuska aka duba, barinsa a turu shekara da shekaru ba tare da wani ya sake tambayar dalili ba, babu ruwansa da tawakkali.

Saboda haka, in aka kira ɗayanmu rabon gado kuma cikin magada akwai mai lalura, kada ya buɗe littafi sai an tsayar da wanda zai wakilce shi, wanda ba shi da rabo a abin da ake rabawa. A rubuta rabonsa, a kafa shaidu, a sa ranar da mai riƙo zai kawo lissafi. In dukiyar mai yawa ce ko akwai jayayya, a kai wa alƙali ya yi naɗin, a nemi aboka ko taimakon hukumar da aka ambata; ba tonon asirin dangi ba ne, rufin asirinsu ne ranar hisabi. A zaunar da mai lalurar a wurin, a tambaye shi, a jira amsarsa ko da ta daɗe. Wanda kuma yake da lafiya yau, ya yi wasiyya, ya faɗi wanda ya amince wa tun bakinsa yana nasa. Ƴaƴanmu da ke karatun shari'a da likitanci kuwa, mu nuna musu wannan fage: kuɗinsa kaɗan ne, mai shi ba zai ma iya yi maka godiya ba, shi ya sa ladansa yake a ajiye cikakke.

Muna faɗa a majalisai cewa hidima ga bayin Allah hanya ce ta isa gare Shi. Ga bawan da ba zai yaba maka ba, ba zai kai ƙararka ba, ba zai tuna sunanka ba. Mala'ikunsa sun ajiye alƙalami. Namu suna rubutu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ba masu jinyarsu haƙuri da lada, Ya tsare hannuwanmu daga dukiyar raunana. In Ya ƙaddara mana ranar da ba za mu iya magana ba, Ya haɗa mu da mai tsaya mana da gaskiya, albarkacin Annabin rahama, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Amin.